Testosteron da tsoron daskarewar jini: ina haɗarin ya tsaya, ina waswasi ya fara?

Ƙarfe biyu na dare mutum yana zaune a bakin gado, ya naɗe ƙafar wando, yana latsa sharaɓarsa ta hagu da babban yatsa. Tun da yamma yake jin wani ɗan tsami a wurin. Ya latsa ta dama don ya gwada, ita ma ga alama tana ciwo, amma ba kamar ta hagun ba. Sai ya jawo waya ya rubuta abin da yake ji. Shafin farko da ya buɗe ya gaya masa cewa gudan jini a jijiyar ƙafa yana iya ɓallewa ya haura huhu. Kafin ya kai ƙarshen shafin ƙirjinsa ya ɗaure, numfashi ya koma sama-sama, wato alama ta biyu da shafin ya lissafa. Watansa huɗu ke nan da fara allurar testosteron, sinadarin da ke haifar da siffofin namiji a jiki, don sauya jinsi daga mace zuwa namiji, kuma wannan ne dare na uku a mako guda da barci ya gagare shi.

Muhawarar da ake yi kan sauya jinsi tana da nata fagen, ba ita ta tara mu nan ba. Wanda ya riga ya fara wannan magani jini ne ke gudu a jikinsa kamar kowa, kuma tambayarsa ta likitanci ce tsantsa: shin allurar nan za ta daskarar mini da jini? Amsar tana da ɓangare biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. Akwai haɗarin kansa, wanda yake na gaske amma ƙarami, kuma ana iya sa masa ido da awon jini. Akwai kuma fargabar, wadda ba ta jin maganar awo, domin ita ciwo ce mai zaman kanta.

Mu fara da jinin. Daskarewa aikinsa ne na asali, ba don haka ba yankan reza ma ya isa ya halaka mutum. Matsala tana tasowa ne idan ya daskare a cikin jijiya mai zurfi ba tare da rauni ba, yawanci a ƙafa ko ƙugu. Tun tsakiyar ƙarni na 19 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya nuna cewa gudan jinin da ake tararwa a huhun mamaci daga jijiyar ƙafa yake tasowa. Har yau da sunansa ake kiran dalilai uku da ke haddasa hakan: jini ya daina gudu yadda ya kamata, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko shi jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Duk abin da aka ce yana kawo gudan jini, ta ɗaya daga ƙofofin nan uku yake shigowa. A cikin jama'a baki ɗaya, mutum ɗaya zuwa biyu cikin 1,000 ne ke gamuwa da shi a shekara, kuma akasarinsu manya ne da shekaru suka ja. Ga matasa adadin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

To daga ina sunan testosteron ya shiga maganar? Wani ɓangare na tsoron aro ne daga wani sinadarin daban. Istrojin, sinadarin da ke haifar da siffofin mace, musamman irin wanda ake haɗiya, shi ne aka tabbatar yana ƙara haɗarin daskarewar jini, saboda yana bi ta hanta ya sa ta ƙara sarrafa abubuwan da ke daskarar da jini. Masu sauya jinsi daga namiji zuwa mace su ke amfani da shi, kuma a kansu ne bincike ya nuna ƙarin haɗari ƙarara. Amma a intanet ana jefa magungunan biyu a buhu ɗaya, a ce "maganin sauya jinsi yana kawo gudan jini", mai allurar testosteron ya karanta ya ɗauka da shi ake.

Ɗaya ɓangaren kuwa yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin maganin. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta umarci kamfanoni su sa gargaɗi kan daskarewar jini a jijiya a jikin duk wani maganin testosteron. A 2016 wani bincike a Birtaniya ya gano haɗarin ya ɗan ɗaga a watanni shida na farkon fara maganin, daga baya ya lafa. Sai babban gwajin da aka kira TRAVERSE, wanda aka wallafa a 2023, mai maza sama da 5,200: rabi aka ba su man testosteron na shafawa, rabi aka ba su man da babu komai a ciki. Wajen bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya, da shanyewar ɓarin jiki babu bambanci, kashi 7.0 cikin 100 da kashi 7.3. Amma gudan jini a huhu ya fi yawa a masu maganin, kashi 0.9 a kan 0.5. Wannan ba abin da za a share ba ne. Sai dai a duba su wane ne mutanen: maza ne 'yan shekara 45 zuwa 80, waɗanda ko dai suna da ciwon zuciya ko suna bakin kamuwa da shi. Ɗan shekara 24 mai lafiya da ya ɗauki alƙalumansu ya ɗora wa kansa, ya sa rigar da ba a ɗinka don shi ba.

Binciken da aka yi kan masu sauya jinsi su kansu ya fi kwantar da hankali. A 2018 an wallafa nazarin bayanan marasa lafiya na Kaiser Permanente, wata babbar cibiyar kiwon lafiya a Amurka, mai masu sauyawa zuwa mace 2,842 da masu sauyawa zuwa namiji 2,118. Rukunin farko sun nuna ƙarin daskarewar jini, na biyun kuwa waɗanda abin ya sama ba su da yawan da za a yanke hukunci a kai. A 2019 asibitin da ke kula da irin waɗannan mutane a Amstadam ta ƙasar Holan ya fitar da nasa, mai masu amfani da testosteron 1,358, bai kuma ga ƙarin daskarewar jini a jijiya a tare da su ba. Abin da ya gani shi ne bugun zuciya ya fi yawa a cikinsu idan aka kwatanta da mata, amma ba idan aka kwatanta da maza ba. A ganina wannan sakamako ne ya fi cancantar a tsaya a kai, ga shi kuwa shi ne ba ya hana kowa barci. Hawan jini da kitsen jini, masu kai mutum ga bugun zuciya, ba sa ciwo, ba a latsa su da yatsa, shi ya sa waswasi ba ya kula su.

Yanzu ga inda maganar take da nama. Abin da testosteron ke yi wa jini ba tare da wata tantama ba shi ne ƙara masa kauri. Yana zaburar da ƙoda ta ƙara fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, sannan yana danne hefsidin, wani sinadarin hanta da ke tsaron ƙofar da sinadarin ƙarfe ke bi ya shiga jini. Ƙofa ta buɗe, ƙarfe ya samu, ɓargo ya duƙufa aiki. Ƙari a kan haka, haila takan ɗauke bayan wasu watanni, jinin da ake asara duk wata ya tsaya a jiki.

Ana auna kaurin ne cikin sauƙi. A zuba jini a siririn bututu a juya shi a na'ura, jajayen ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, ruwan ya tsaya a sama. Kason da ƙwayoyin suka cinye shi ake kira hematokirit, wasu asibitoci su rubuta PCV. Ga mata yakan kama daga kusan kashi 36 zuwa 46, ga maza daga kusan 41 zuwa 50 ko sama da haka kaɗan, gwargwadon ɗakin awon. Wani binciken Holan na 2021, mai mutum 1,073, ya nuna matsakaicin adadin ya tashi daga 39 zuwa 45 a shekarar farko. Wato jinin ya bar layin mata ya koma layin maza, abin da ake sa ran zai faru ke nan. Kashi 11 cikin 100 sun haura 50, kashi 3.7 sun haura 52, waɗanda suka wuce 54 kuwa rabin kashi ɗaya ne kacal. Amma binciken ya ƙara da wani abu da ya kamata a riƙe: yiwuwar haura 50 ta tashi daga kashi 10 bayan shekara guda zuwa kashi 38 bayan shekara goma. Awon jini ba na sababbin shiga kaɗai ba ne.

A nan ne wata 'yar takarda ke firgita mutane a banza. Ka karɓo sakamakon awonka, ka ga 47, a gefensa an buga alamar cewa ya yi sama, wani lokaci da jan tawada. Cikinka ya ɗuri ruwa. Alhali kwamfutar ɗakin awon ta duba rajista ne ta ga an rubuta "mace", ta gwada jininka da ma'aunin mata. A ma'aunin maza 47 ba komai ba ne, kuma da shi likitoci ke auna wanda ya ɗauki watanni yana kan testosteron. Hatta ƙishirwa tana taɓa adadin: wanda aka ɗibi jininsa bayan ya wuni bai sha ruwa ba, ko ya sha zufa, ruwan jinin ya ragu, kason ƙwayoyin ya ɗaga. Shi ya sa likita mai natsuwa yakan ce a maimaita kafin ya canza komai.

Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka ta fitar a 2017 sun ce a auna kaurin jinin kafin a fara maganin, sannan duk wata uku a shekarar farko, daga nan sau ɗaya ko biyu a shekara. Idan ya haura 50 an shiga wurin lura, idan ya doshi 54 sai an ɗauki mataki. Matakan kuwa ba masu tayar da hankali ba ne. A rage yawan maganin, ko a raba allurar ƙanana-ƙanana a kai a kai maimakon babba guda, ko a koma man shafawa, wanda ba ya cilla sinadarin sama kamar allura. A nemi wani dalilin da ke ƙara kaurin, irin su taba, ƙiba, ciwon huhu, ko ɗaukewar numfashi cikin barci, wadda mai minshari mai ƙarfi kan yi fama da ita bai sani ba. Idan ta kama, a ɗebi jini kamar yadda ake yi wa mai ba da gudummawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake barin jaki a daki taiki. Mutum zai kwana yana zargin allura, da safe ya kunna sigari. Taba tana raunata bangon jijiya, tana kuma ƙara kaurin jinin, ƙofa biyu ke nan cikin ukun Virchow. Ga kuma ƙwayar hana ɗaukar ciki. Testosteron ba ya hana ciki, ko da haila ta ɗauke, don haka wasu kan haɗa da ƙwaya, wasu kuma ana ba su ita don tsayar da ɗigon jini. Idan mai ɗauke da istrojin ce, alƙaluman FDA sun ce haɗarin gudan jini yana tashi daga mutum 1 zuwa 5 cikin 10,000 a shekara ya koma 3 zuwa 9. Akwai hanyoyin da babu istrojin a ciki, kamar robar mahaifa, sai a tattauna da likita. Sauran abubuwan sanannu ne: tiyata da kwanciyar da ke biyo bayanta, har da tiyatar cire nono ko mahaifa, karaya da filasta, zaman tafiya da ya wuce awa huɗu ba motsi, sankara, sikila. Sai gado. Akwai wani sauyin halitta da aka gano a birnin Leiden na Holan a 1994, wanda kusan kashi 5 cikin 100 na masu asalin Turai ke ɗauke da shi, yana sa jini saurin daskarewa. Wanda mahaifinsa ko 'yar'uwarsa suka taɓa samun gudan jini da ƙuruciya, ko shi kansa ya taɓa samu, wannan labari ne da dole likita ya ji kafin a tsira allurar farko.

Mu koma bakin gadon nan. Me ya sa mutumin da aka gaya wa duk wannan, ya gane, ya yarda, yake sake naɗe wando da dare?

Dalili na farko shi ne jikin da yake zaune a ciki yana canzawa da gaske. Tsoka tana ƙaruwa, da yawa kuma sukan fara motsa jiki a wannan lokacin, don haka tsamin ƙafa da ɗaurewar jijiya ba abin mamaki ba ne. Allurar mai ce mai kauri da ake turawa cikin tsokar cinya ko ɗuwawu, wurin yakan yi kwana biyu ko uku yana ciwo, har ya yi ɗan tauri. Zufa da jin zafi suna ƙaruwa. Wanda ke ɗaure ƙirjinsa da matsattsiyar riga don ɓoye nono, awa takwas ko goma a rana, haƙarƙarinsa zai yi ciwo, numfashinsa ba zai cika ba. Akwai ma wani tari da kan sarƙe wasu nan take bayan allurar nan mai daɗewa, wadda ake yi duk mako 10 zuwa 14, idan ɗigon man ya shiga jijiya ya kai huhu. Mai ne ba gudan jini ba, yawanci yakan wuce cikin mintuna, amma saboda shi ne a Amurka ake tsare mutum rabin awa a asibiti bayan allurar. Duk waɗannan abubuwa suna kama da jerin alamomin da ke cikin waya.

Dalili na biyu ya fi wuyar sha'ani. Tsoro da kansa yana ƙera alamomin da ake tsoro. Wanda ya firgita yakan riƙa jan numfashi da sauri ba tare da ya lura ba, iskar da ya kamata ta ɗan tsaya a jini ta fice da yawa, sai jiri, sai yatsu da leɓɓa su riƙa tsikari, ƙirji ya ɗaure, zuciya ta riƙa dukan uku-uku. Ya duba waya, ya ga an rubuta haki da saurin bugun zuciya, ya ce shi ke nan ta tabbata. Ita ma sharaɓar da aka latsa sau talatin a dare guda dole ta wayi gari tana ciwo. Tun 1986 masana biyu a Ingila, Paul Salkovskis da Hilary Warwick, suka bayyana cewa dube-duben jiki da neman a kwantar maka da hankali suna ba da sauƙi na ɗan lokaci ne, amma su ne abincin ciwon. Kowane dubawa yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa dubawar ce ta tsirar da kai, don haka gobe ma sai ka duba. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, bugun 2013, ya ware wa wannan hali sunansa: ciwon fargabar rashin lafiya. Ba raki ba ne, ba kuma neman a kula mutum ba ne.

Ga masu sauya jinsi akwai wani nauyi na daban da ke hawa kai. Da yawansu an sha gaya musu, a gida ko a waje, cewa "maganin nan sai ya kashe ka". Magana irin wannan tana kwanciya a ƙasan zuciya, ranar da ƙafa ta yi tsami sai ta taso. Wasu kuma suna tsoron faɗa wa likita fargabarsu, kada ya ce to a dakatar da maganin. Sai su yi shiru, su koma wa waya.

Tunda haka ne, yaya za a bambance? Ba da latsawa ba, ba kuma da karatu ba. Gudan jini a ƙafa yakan kama ƙafa ɗaya, ta kumbura har ido ya gani ba sai an ƙura ba, ta yi ɗumi, fata ta yi ja ko ta ƙara duhu, ciwon kuma ba ya yawo, ba ya lafawa don hankali ya tafi wani wuri, ƙaruwa yake yi. Wannan na ganin likita ne a ranar. Haki da ya zo kwatsam ya ƙi tafiya, ciwon ƙirji mai suka idan an ja numfashi, tarin jini, suma, ko karkacewar baki, sarƙewar harshe da mutuwar hannu ɗaya, waɗannan na sashen gaggawa ne nan take, ko da an taɓa zuwa sau biyar ana cewa ba komai. Mai waswasi ma yana iya yin ciwon gaske. A asibiti suna da abin da gida ba shi da shi: ma'aunin da ke tattara alamomi da tarihin mutum ya fitar da yiwuwar abin, awon jini na D-dimer wanda idan ya fito ƙasa ga mai ƙaramin haɗari ya rufe maganar, da hoton jijiya na sikanin. Shi ma D-dimer ɗin ba na yi don jin daɗin zuciya ba ne, domin mura mai zafi, rauni ko tiyata suna ɗaga shi, sai ya buɗe sabon babin tashin hankali.

Akwai hanyoyi biyu da fargaba ke tura mutane, duka biyun gudun gara ne a faɗa gidan zago. Na farko shan asfirin kullum ba tare da likita ya rubuta ba, wai don a tsinka jini. Ba ya rage kaurin ko kaɗan, yana kuma iya jawo zubar jini a ciki. Na biyu wasa da allurar: a tsallake wannan makon saboda tsoro, a ninka mako mai zuwa saboda nadama. Hawa da saukar nan tana dagula yanayin zuciya, ta ƙara wa fargabar wuta. Wanda aka riga aka cire wa ma'ajiyar ƙwai kuwa, idan ya daina gaba ɗaya ya zauna babu testosteron babu istrojin, ƙashinsa ne zai riƙa rauni a hankali.

Ita fargabar maganinta daban ne, kuma yana aiki. Hanyar da aka fi gwadawa ita ce zaman gyaran tunani da ɗabi'a tare da ƙwararre, wani lokaci a haɗa da magani. Abin da ake yi a zaman ba shi da ƙawa. Ana yarjejeniya cewa likita ɗaya ne zai riƙe maganar jinin, da ranakun awo sanannu, ba a ƙara wani awo a tsakani sai alamomin nan na sama sun bayyana. Ana rubuta su a takarda guda, ita ce za a duba maimakon waya. Idan sha'awar latsa ƙafa ta taso, sai a ce bari a jira minti goma sha biyar. Mintunan farko suna da ɗaci, zuciya tana ta saƙe-saƙe, hannu yana ƙaiƙayi. Daga baya abin ya fara sauka da kansa ba tare da an taɓa ƙafar ba, kuma wannan saukar ce ake so ƙwaƙwalwa ta gani da idonta. Mako mai zuwa a mayar da jiran rabin awa, na gaba awa guda. Su ma na kusa ana koya musu abin da za su ce idan aka nuna musu ƙafa a karo na huɗu ana tambayar ko ta kumbura: "Na ga hankalinka a tashe yake, zo mu zauna, amma mun yi alkawari ba zan duba ba."